Kwana Goma Sha Ɗaya a Ɗakin Kwano

'Yata ta fari tana sayar da abin da ba a buɗewa. Haka nake amsa wa abokaina a masallacin unguwarmu ta Kudai a nan Makka idan suka tambayi sana'ar da take yi bayan aikin asibiti. Katin wasa ne, mai hotunan dodanni da mayaƙa, yara suna bugawa, manya suna tarawa. Kamfani yakan zuba katin a ƙananan fakiti, ya jera fakitin a kwali, ya naɗe kwalin da leda mai ɗauke da hatiminsa. Ita kuma sai ta sayi kwalayen lokacin da suka fito, ta ajiye shekara ɗaya ko biyu. Ranar da kamfani ya daina buga wannan zubin, farashi ya hau, sai ta sayar. Duk darajar a jikin ledar take. Da zarar an yaga ta, magana ta ƙare.

Ni kuwa na yi shekara hamsin ina saye da sayarwa, ban taɓa biyan kuɗin abin da ban ga cikinsa ba. A Kano huhun goro muke kwancewa mu zura hannu har gindi. A Omdurman akwai wani ƙarfe mai kogo da ake soka wa buhu a zaro na tsakiya. A ƙasar Sin katan ɗin da ke can ƙasa nake nunawa in ce shi za a buɗe, mai kaya ya murtuke fuska ya buɗe. Da ta fara wannan harka na ce mata, Uwata (sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa), wannan ai sayen kifi ne a ruwa. Ta amsa mini da Larabci, don a Makka aka haife ta, Larabcinta ya fi Hausarta gudu. Ta ce mai saye ya san abin da kamfani ya zuba, abin da bai sani ba shi ne ko wani ya taɓa kwalin, ko zafi ya taɓa shi, wannan kuwa maganarta kaɗai yake da ita. Suna da wani zaure a waya, su 'yan kasuwar katin na Makka da Jidda da Riyad. A cewarta ta ga mutum ya ƙare a zauren nan tsakanin azahar da la'asar, saboda kwali ɗaya da aka kama ya sake liƙewa.

Maganar zafi kuwa, a cikin katunan akwai masu ƙyalli, su ne masu tsada, su ake nema. Zafi yana lanƙwasa su tun suna cikin fakiti. Saboda haka ƙaramin ɗakin da ke ƙuryar gidanmu ya zama na kayanta, mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana busa sanyi a cikinsa dare da rana, ko mu ba ma samun irin wannan gata.

Shekarar da nake ba da labari, asibiti ya tura ta tantin jinya a Mina tun farkon Zulhijja. Katan tara ta bari a ɗakin, shekara biyu tana renonsu. Da za ta fita ta ce abu biyu kawai take roƙo, kada a kashe mukayyaf, kada a taɓa kaya.

Kwana biyu da tafiyarta na samu labarin wani tsohon amini ya zo aikin Hajji. Mutumin Damagaram ne, mun haɗa ɗaki da shi a Omdurman muna samari. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni wata guda, shi ya riƙa dama mini kunu yana ɗaga kaina. Na same shi a masaukinsu a unguwar Misfala, zaune a kan matakala, ƙafafu sun kumbura, ciwon suga ya cinye shi. Su shida ne a ɗaki, sanyin ɗakin bai kai gadonsa ba. Na nemi izinin shugaban tawagarsu na taho da shi gida.

Wanda bai zauna Misfala ta dā ba ba zai gane saurin da na yi ba. Kafin a rushe tsofaffin gidaje, da Zulƙida ta kama kowane magidanci yakan kwashe iyalinsa da tarkacensa ya hau saman bene, ya bar wa alhazai ɗakuna. Shekara ashirin muna haka. Ita kanta Uwata a saman bene ta koyi tafiya. A wurina, baƙon Allah ya zo, kaya su hau sama, wannan ba abin shawara ba ne. Mukayyaf ɗin ɗakin baƙinmu ya daɗe yana tari ba sanyi, ɗaki mai sanyi na sosai shi ne na kayan.

Mai ɗakina ta ce in kira yarinyar tukuna. Na ce tana tsakiyar marasa lafiya, ba zan ɗaga mata hankali a kan takarda ba. Ta buɗe baki za ta ƙara, na ce na gama magana. Gaskiyar ita ce na ɗauka za ta ce a'a, ni kuma ba na son jin a'a daga bakin 'yata alhali amini yana zaune a ƙofa. Na loda katan-katan a lif, ragowar matakalar na ɗauka a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ɗan ɗaki mai rufin kwano kusa da tankin ruwa. Na jera su, na lulluɓe da tsohuwar darduma, na ja ƙofa. A raina inuwa ce, inuwa kuwa ta ishi takarda. Na yi lissafin kwana huɗu ne ko biyar.

Bai zama haka ba. Amini ya fita Mina da Arfa, ya kwana Muzdalifa, ya dawo da tari mai tsanani, muka ci gaba da jinya. Ban sake tuna sama ba. Sai ranar da na raka shi Misfala ya koma cikin tawagarsa, na dawo da azahar na hau in sauko da kayan. Kwana goma sha ɗaya ke nan.

Da na tura ƙofar, iskar da ta bugi fuskata irin ta bakin tandar mai gurasa ce. Na ɗaga darduma na dafa katan na sama, na janye hannu. Salatif ɗin da aka liƙe bakinsa ya saki, ya nannaɗe. Na tsaya a wurin gumi yana zuba, na gane abin da na yi.

Na sauko da su a gaggauce, bayana yana amsawa. Na bi sawun da kowane katan ya bari a kan katako na mayar da shi daidai inda yake, na sake liƙe bakunan, na ƙure mukayyaf. Mai ɗakina tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ce lallai na gyara kamar ba a taɓa ba, sannan ta tambaya yaushe zan faɗa mata. Na ce a bari ta dawo ta huta.

Kafin in rufe katan na ƙarshe na zaro kwali ɗaya na kai bakin taga. Ledar tana nan, hatimi yana nan. Ledar ta matse kwalin sosai, amma ban san yadda take a dā ba balle in kwatanta. Na girgiza shi a kunne, na auna a tafin hannu, na shinshina. Hannun da ya san goro mai tsutsa daga taɓawa, ya san yadi na gaske daga na jabu a cikin duhun shago, bai gaya mini kome ba. Akwai reza a aljihuna. Na daɗe ina juya ta, na mayar.

Washegari Uwata ta dawo, rana ta ƙona ta, murya ta dishe. Ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce ƙurya ta buɗe ɗakin. Sanyi ya fito ya tarye ta, ta ƙirga da ido, ta gyaɗa kai. Ta zo ta sumbaci goshina ta ce Allah ya saka da alheri, Baba. Wannan sumba ita ta ɗinke mini baki. Ta shiga ta yi barcin yini ɗaya da rabi.

Da ta farka ta ba mu labari tana murna. Wani mai shagon kati a Jidda zai ɗauki katan taran gaba ɗaya, zai zo ranar Asabar tunda an buɗe hanyar shigowa Makka. Shi ne babba a zaurensu, wanda idan ya ce kayan wance masu kyau ne kowa ya yarda, idan ya ce akasin haka ma kowa ya yarda. Ta daɗe tana son ya saya a wurinta. Ranar Laraba ce ta ba mu wannan labari.

Na gwada in faɗa mata. Ranar Alhamis wajen karin kumallo na bi ta gefe, na tambaye ta wai wane irin zafi ne yake ɓata katin nan. Tana gutsurar gurasa ta ce sa'a ɗaya a bayan mota da rana ta isa. Na ce to, na kurɓi shayi.

Na san hukunci, ba sai an karanta mini ba. Mai sayarwa idan ya san aibi dole ya faɗa. Sai na riƙa gaya wa kaina ai ni ban san aibi ba, zato kawai nake yi. Wataƙila darduma ta tare. Wataƙila katan ya tare. Kuma masu sayen irin wannan kaya da yawa ba buɗewa suke yi ba, ajiyewa suke su ma. Kafin wani ya yaga leda ya ga abin da ke ciki, ƙila shekara biyar, ƙila goma, ƙila bayan raina. Da na kama kaina ina wannan lissafi sai kunya ta rufe ni, don idan aka buɗe bayan raina, ba ni za a nema ba. Sunanta ne a kan cinikin. Za a sa hoton lanƙwasasshen kati a zaure a ce daga wurin wance, ita kuma za ta tsaya tana musu da zuciya ɗaya, don ba ta san kome ba.

Mai ɗakina ba ta sake yi mini maganar ba. Ta dai ajiye mini abinci ta ce yau Alhamis. Washegari ta ajiye ta ce yau Juma'a. A masallaci ban ji huɗuba ba. Na dawo da niyyar in faɗa, na tarar da Uwata tana goge teburin gilashi na ɗakin baƙi tana waƙa ƙasa-ƙasa, na wuce ɗakina.

Asabar bayan la'asar mutumin ya iso. Bai wuce arba'in ba, farar jallabiya, magana a hankali, yana ce mini ya ammi, wato baffa. Duk lokacin da za ta yi ciniki da namiji ni nake zama a wurin, don haka na zauna a kujerata kusa da taga. Aka kawo shayi da dabino. Ya buɗe jaka ya fito da safar hannu, da ƙaramar tocila, da sikeli kamar na masu sayar da zinariya. Irinsa na gani a kasuwar lu'ulu'u, mutanen da ba sa gaggawa, kuma ba ka karanta kome a fuskarsu.

Kwali ɗaya-ɗaya yake ɗauka. Ya haska ɗinkin leda, ya duba kusurwoyi, ya ɗora a sikeli, ya ajiye a dama. Katan na farko ya wuce. Na biyu ya wuce. Da aka kai na biyar har na fara sakin jiki, na ce ashe darduma ta yi aiki. Na ɗauki dabino.

A katan na shida ya tsaya. Shi ne wanda yake saman sauran a ɗakin kwano, na gane shi da karkataccen salatif ɗin da na liƙa masa. Ya shafa saman kwalin da babban yatsa, ya ɗaga shi daidai ido. Murfin ya ɗan lotsa, leda ta ja kusurwoyin ciki. Ya ɗauki na biyu, haka. Ya ajiye su a hagu.

Ya tambaye ta, cikin ladabi, inda aka ajiye kayan. Ta ce a ɗakin sanyi, tun ranar da suka zo ba su fita ba, yana iya shiga ya ji da jikinsa. Ya ce shi ya yarda da ita, amma irin wannan matsewar leda yakan gan ta ne a kayan da suka sha zafi, kuma shi ma mutanensa za su tambaye shi. Fuskarta ta canza. Ta san abin da wannan tambaya take nufi a sana'arsu. Daga tagarmu ana hango saman hasumiyar agogo ta Harami. Ta juya wajen, ta ɗaga yatsa, ta fara cewa wallahi, da Ubangijin wannan ɗaki.

“Uwata, kada ki rantse.”

Da Hausa na faɗa. Ta tsaya da yatsa a sama tana kallona.

“Na kai su sama. Baƙo ne ya zo, na sa shi a ɗakin.”

“Wane sama, Baba?”

“Ɗakin kwano.”

“Kwana nawa?”

“Goma sha ɗaya.”

Ta sauke hannu a hankali. Mutumin Jidda ba ya jin Hausa. Yana kallona, yana kallonta, da alama ya ɗauka tsoho ne ya tsawatar a kan yawan rantsuwa. A lokacin na gane na sake ɗora mata wani kaya. Ban faɗa wa mai saye ba, ita na faɗa wa, a harshen da mu biyu kaɗai muke ji. Katan biyar sun riga sun wuce a dama. Tana iya cewa a cire na shida a ci gaba, ba wanda zai sani sai ni, ni kuwa na riga na nuna na iya yin shiru. Ta zuba wa kwalayen ido. Ana jin mukayyaf yana tari a bango. Ban san tsawon lokacin ba, amma shayin da ke hannuna ya huce.

Sai ta juya ta gaya masa da Larabci, murya ba rawa. Ta ce yanzun nan ta samu labarin cewa tana Mina an kai kayan saman bene, kwana goma sha ɗaya a ƙarƙashin kwano, duka taran, har waɗanda ya riga ya karɓa. Ba ta ce wane ne ya kai ba. Na ce ni ne, ya ɗana, ita ba ta sani ba sai yanzu, ta bar mini amana na yi gaban kaina.

Mutumin ya ajiye tocilarsa a kan tebur. Na ga ciniki yana zamewa, tsohon hali ya motsa. Na ce masa a yi yadda masu kankana suke yi a nan da Sudan, ciniki a kan wuƙa. Ya zaɓi kwalin da ya ga dama a yanka, asarar buɗewa a wuyana. Ya yi ɗan murmushi ya ce kankana ɗaya labarin kanta kawai take bayarwa, ya ammi. Amma ya ce shi ma yana son ya gani. Bai ɗauko daga na shida ba. Ya miƙa hannu dama, cikin katan na farko da tocilarsa da sikelinsa suka wanke, ya zaro kwali daga tsakiya.

Ita ta yanka ledar da hannunta. Shekara biyu ba ta bari ko farce ya taɓa ta ba. Ta yaga fakiti na farko ta baje a kan gilashi. Katunan gama-gari suka kwanta lafiya. Na biyu ma haka. A fakiti na uku mai ƙyalli ya fito. Ta ajiye shi a kan tebur, bai kwanta ba. Tsakiyarsa ce kawai ta taɓa gilashi, gefe da gefe sun ɗaga kamar busasshen ganyen mangwaro. Ta taɓa shi da yatsa ya yi lilo. Ta ci gaba da yagawa. Na gaba ya fito haka, na bayansa ma haka.

Mutumin ya cire safar hannu ya ninke, ya mayar da tocila da sikeli. Ya shanye shayinsa har ƙasa, ya ci dabino ɗaya. Ya ce ba zai iya ɗauka ba, ko ɗaya. Ya ce shi ba zai rubuta kome a zaure ba, abin da za a faɗa nata ne. Na raka shi har mota, muka yi sallama.

Da na dawo na same ta durƙushe tana ɗaukar hoton katin daga gefe, yadda lanƙwasar za ta fito sosai. Ta rubuta a zauren da kanta cewa kayanta na wannan zubin sun sha zafi, ba za ta sayar da su a rufe ba, kada wani ya karɓa daga hannun kowa da sunanta. Na ce mata zan nemi yadda zan rama mata. Ba ta ɗago ba.

“Da ka kira ni, Baba, da na ce a sa su a ɗakina. Ba kowa a ciki, ga mukayyaf.”

Tun da ta girma ban taɓa tsallaka ƙofar ɗakinta ba, har ɗakin ya fita daga lissafina. Na waiwaya wajen mahaifiyarta, ta kau da kai. Ashe abin da ta buɗe baki za ta faɗa ke nan.

Makonnin da suka biyo baya, Uwata ta buɗe kwalayen duka, ta riƙa sayar da kati ɗaiɗai a kan abin da ya samu. Masu ƙyallin ta danne su a ƙarƙashin manyan littattafaina, waɗansu suka miƙe, yawanci suka ƙi. Tana gaishe ni safe da yamma kamar kullum, tana kawo mini magani a kan lokaci, amma hira ta ɗauke. A zaure wasu sun yi mata jaje, wasu sun yi ba'a da hoton tandar gurasa, mafi yawa sun yi shiru. Shirun nan shi ya fi damunta. Muharram ta wuce, Safar ta wuce, ba wanda ya nemi kwali a rufe daga wurinta.

Cikin Rabi'ul Awwal ina zaune a ɗakin baƙi na ji ta a kicin tana gaya wa mahaifiyarta, da murya mai ƙarfi yadda zan ji, cewa mutumin Jidda ya aiko saƙo. Sabon zubi zai fito, yana so ta riƙe masa katan biyu. Biyu kawai, kuma ya ce ta sa ma'aunin zafi a ɗakin ta riƙa turo masa hotonsa. Ta ce ta yarda. Na ji mahaifiyar ta ce alhamdu lillahi, cokali ya ci gaba da bugun tukunya.

A makon ne ta kira kafinta ya sa wa ƙaramin ɗakin sabon kwaɗo. Makulli uku ya zo da su. Ta rataya ɗaya a jakarta, ta ba mahaifiyarta ɗaya. Ban tambayi na ukun ba.